Tara Tsofaffin Wasiƙu da Jaridu a Washinton: Nema, Tantancewa da Adanawa

A ranar 26 ga Yuli, 1961, Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi jawabi a zauren Majalisar Wakilan Amurka, lokacin ziyarar da ya kawo bisa gayyatar Shugaba John Kennedy. Ziyara irin wannan takan bar takardu birjik: katin gayyatar liyafa, jadawalin tafiya, wasiƙun godiya, hotuna masu sa hannu, da jaridun ranar. Na gwamnati sun shiga rumbun gwamnati. Sauran kuwa sun bi ma'aikata gida, sun kwanta cikin kwalaye a garuruwan kewayen Washinton irin su Bethesda da Arlington da Silver Spring, har ranar da magada za su buɗe ƙofa su ce a zo a saya. Haka aka yi da ziyarar Diori Hamani ta 1967, haka aka yi da ta Shehu Shagari ta 1980. Ga kuma dubban tsofaffin ma'aikatan jakadanci, da malaman jami'a, da 'yan sa-kai na Peace Corps da suka fara zuwa Nijeriya a 1961 da Nijar a 1962, waɗanda da yawansu a nan kewayen suka yi ritaya. Saboda haka Bahaushen da ke zaune a Washinton ko Maryland ko Virginia yana kusa da wata kasuwa wadda babu irinta a Kano.

Shawarata ta farko ita ce ka ƙyale sa hannun shugabannin Amurka. A nan ne farashi ya fi tsada, a nan ne jabu ya fi yawa, kuma a nan ne dillalai suka fi ka sani nesa ba kusa ba. Zaɓi ɗan fage ƙarami inda kai ne mai ido: wasiƙun da aka aiko daga Zariya ko Maraɗi zuwa Amurka, jaridun da suka ba da labarin samun 'yancin kai a 1960, takardun ajami, katunan gidan waya na Kano. Dillalin da ya haddace hannun Lincoln sau da yawa ba ya iya bambanta ajami da Larabci, kuma sunan Aminu Kano ko Sa'adu Zungur ba ya kaɗa masa komai.

Kafin ka kashe ko kwabo

Je ka Laburaren Majalisar Dokokin Amurka ka yi katin karatu. Kyauta ne ga duk wanda ya kai shekara 16 yana da katin shaida mai hoto, fasfo ma ya wadatar. Ɗakin jaridu da ɗakin rubuce-rubucen hannu suna ginin Madison, sashen Afirka da Gabas ta Tsakiya kuma yana ginin Jefferson. Ka tambayi ma'aikatan sashen Afirka jaridun Nijeriya da Nijar da suke da su. Abin da kake so shi ne idonka ya saba da na gaske: girman shafi, irin haruffa, wurin da ake sa kwanan wata da farashi. Daga gida ma za ka iya fara wannan, domin shafin laburaren mai suna Chronicling America yana ɗauke da miliyoyin shafukan tsofaffin jaridu kyauta, har da Evening Star ta Washinton zuwa 1963. Labarin ziyarar Ɓalewa yana ciki.

Babban rumbun takardun gwamnati da ke College Park a Maryland shi ke riƙe da fayilolin Ma'aikatar Harkokin Waje, har da rahotannin ƙaramin ofishin jakadancin da Amurka ta taɓa buɗewa a Kaduna. A Jami'ar Howard, inda Nnamdi Azikiwe ya taɓa karatu, akwai cibiyar Moorland-Spingarn. Waɗannan wurare ba sa sayar da komai, kuma ba za su yi maka ƙiyasin farashi ba, amma a can ne za ka ga yadda takardar ofis ta shekarun 1960 take a hannu.

Ka nemi labarin takardun Umar ibn Sa'id, malamin Futa Toro da aka bautar a Carolina, wanda ya rubuta tarihin rayuwarsa da Larabci a 1831. Rubutun ya ɓace shekara da shekaru, sai a 1995 aka tsince shi cikin wani tsohon akwati a Virginia. Wani mai tara takardu ya saya a gwanjo, daga bisani laburaren majalisa ya mallake shi a 2017, ya sa shi a intanet a 2019. Abin lura shi ne ba shi kaɗai aka saya ba, tare da wasiƙun mutanen da suka yi ta miƙa wa juna shi aka haɗa, takardu 42 gaba ɗaya. Waɗannan wasiƙu su ne shaidar inda ya biyo.

Inda ake samu

Gwanjon kayan gida shi ne wurin da ya fi amfani ga mai ƙaramin aljihu. Idan dattijo ya rasu ko ya koma gidan kula da tsofaffi, iyali sukan ɗauko kamfani ya buɗe gidan kwana biyu ko uku, yawanci daga Juma'a zuwa Lahadi, a sayar da komai. Ana sa hotuna a intanet tun kafin ranar. In ka hango tandu, ko fartanya, ko hular Kano a kan kanta, ko ƙamus ɗin Hausa na Bargery a jerin littattafai, mai gidan ya zauna a ƙasarmu. Ka yi sammako, domin lamba ake rabawa a ƙofa. Jama'a za su ruga wajen kujeru da kayan azurfa, kai kuwa ka nufi ɗakin karatu da ɗakin ƙasa. Ka buɗe littattafai ɗaya bayan ɗaya, mutane na cusa wasiƙa a tsakiyar littafi su manta. Ranar ƙarshe akan karya farashi, sau da yawa zuwa rabi.

In ka samu kwali cike da wasiƙu, ka yi cinikinsa dungurungum. Kada ka tsinci uku masu kyau ka bar sauran, kuma kada ka raba wasiƙa da ambulan ɗinta. Kan sarki da hatimin gidan waya su ne ke faɗin rana da gari, adireshin kuma ya faɗi wanda aka aika wa. Ka roƙi rasit mai adireshin gidan da kwanan wata.

Sai shagunan tsofaffin littattafai, kamar Second Story Books a Dupont Circle da babban ɗakin ajiyarsu a Rockville, da Capitol Hill Books kusa da Eastern Market, inda ake cin kasuwar tsofaffin kaya a ƙarshen mako. Gidajen gwanjo irin su Weschler's a Rockville da Potomack a Alexandria sukan fitar da takardu lokaci lokaci. A gwanjo ka tuna cewa kuɗin da aka buga guduma a kai ba shi za ka biya ba. Akwai la'adar gidan, wadda kan kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu, ga haraji a kai. Ka yanke iyakarka tun daga gida, domin zafin takara yana sa mutum ya sayi abin da bai yi niyya ba.

A kundin gwanjo za ka ga wasu haruffa a gaban kowace takarda, kuma farashi a kansu ya rataya. ALS na nufin mutumin ne ya rubuta wasiƙar duka da hannunsa ya kuma sa hannu. LS, wani ne ya rubuta shi ya sa hannu. TLS, da tafireta aka buga. DS kuwa takardar aiki ce mai sa hannu, kamar takardar naɗi. Ta farko ta fi daraja, amma abin da wasiƙa ta ƙunsa ya fi duk wannan. Layi biyar da ke maganar zaɓen 1959 sun fi shafi guda na gaisuwar Sallah.

Hannun wa ne?

Washinton gari ne da na'ura ke sa hannu. Ana kiranta Autopen, kuma tun wajen shekarun 1950 ofisoshin manya suke amfani da ita. Kennedy ya yi ƙaurin suna a kan haka, tsakanin na'ura da sakatarorin da suka iya kwaikwayon hannunsa, har wani dillali mai suna Charles Hamilton ya rubuta littafi sukutum a kai a 1965. Tun kafin na'ura ma akwai wakilci: daga 1833 sakatare ne ke sa sunan shugaban ƙasa a takardun mallakar fili, don haka takardar fili mai sunan Van Buren ko Lincoln ba hannunsu ba ne, komai kyan hatiminta.

Ka samu gilashin ƙara girma mai ninki goma da ƙaramar tocila. Kwantar da takardar a tebur, ka haska ta daga gefe yadda hasken zai sharo fuskarta. Hannun mutum yana danna alƙalami a wani wuri ya sassauta a wani, kuma ƙarshen layi yakan sirance domin hannu na ɗagawa yana tafiya. Na'ura kuwa kaurin layinta ɗaya ne daga farko har ƙarshe, tana sauka da ɗigo tana tashi da ɗigo, wani lokaci da ɗan karkarwa a dogon layi. Babbar shaida ita ce ka samu wani sa hannun na mutumin ka ɗora a kai: in sun hau juna daidai ba ragi ba ƙari, na'ura ce, domin ba mai sa hannu sau biyu iri ɗaya sak. Mai jabu da hannu kuma a hankali yake ja, yana kallon samfuri, sai ka ga alƙalami ya tsaya a tsakiyar harafi inda mai sunan ba zai tsaya ba. Sa hannun da aka buga da injin ɗab'i ba ya barin kwarmi a bayan takarda.

Takardar shaidar da mai sayarwa ke haɗowa, kowa na iya buga irinta a gida. Abin da ke da amfani shi ne rasit mai bayanin takardar dalla-dalla, da alkawari a rubuce cewa za a mayar maka da kuɗinka duk ranar da aka tabbatar jabu ce. Dillalin da ya ƙi wannan, ka yi masa sallama.

Takardunmu na gida suna da nasu hukunci. Wasiƙar sarki ba sarki ke rubutawa ba, magatakarda ne, hatimi shi ne sa hannun. Wanda ke son sanin tsarin irin waɗannan wasiƙu, daga basmala zuwa jerin gaisuwa, ya duba littafin H. F. Backwell na 1927, inda aka fassara wasiƙun da Turawa suka tarar a gidan Wazirin Sakkwato a 1903. Ɗaga takardar ka duba ta a haske. Da yawa daga takardun da malamanmu suka yi rubutu a kai a ƙarni na 19 daga Italiya aka kawo su ta hamada, kuma a cikin jikinsu akwai tambarin jinjirin wata uku a jere. Samun tambarin bai isa hujja ba, tunda an daɗe ana amfani da irin takardar, amma in aka ce maka wasiƙar zamanin Sarkin Musulmi Bello ce alhali a takardar littafin makaranta mai layi take, magana ta ƙare. Shekarar kuma ta Hijira ce, wani lokaci da ramzi aka sa ta, haruffa a madadin lambobi. Shekarar 1380, alal misali, ta faro ne a tsakiyar 1960.

A wasiƙun boko, abin da ke tona asirin jabu shi ne abin da bai kamata a ce ya wanzu ba tukuna. Naira ta fara aiki a Janairun 1973, kafin nan fam ne da sule da kwabo. Babu Jihar Kano kafin 1967, babu Jihar Katsina kafin 1987. Biro bai shiga kasuwar Amurka ba sai 1945. Lambar unguwa mai lamba biyar da ake sa wa a ƙarshen adireshin Amurka a 1963 aka fara ta. Haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, sai a shekarun 1930 suka shigo ɗab'i, kuma yawancin tafiretocin ofis ba su da su har bayan 'yancin kai.

Jaridu

Sabon shiga yakan ɗauka cewa jaridar da ta fi ja da ruɓewa ita ta fi tsufa. Sau da yawa akasin haka ne. Har wajen shekarun 1870 da tsumman auduga da lilin ake yin takardar jarida, shi ya sa za ka ɗauki National Intelligencer ta 1820 ka ji ta da laushi da ƙarfi kamar ƙyalle. Daga baya aka koma niƙaƙƙen itace, mai arha, mai ɗauke da sinadarin da ke zama asid in ya sha haske da zafi. Jaridar 1945 ta fi ta 1820 saurin karyewa. Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a Zariya a Janairun 1939 da Abubakar Imam a matsayin edita, da Nigerian Citizen ta 1948, da New Nigerian da ta gaje ta a ranar 1 ga Janairu, 1966, duk a wannan takarda mai rauni aka buga su. Ga gara, ga damina, ga masu ƙosai da tsire da suka naɗe kaya da su. Shi ya sa kwafin Gaskiya mai lafiya na shekarun 1940 ya fi wahalar samu a kan jaridar Amurka da ta girme shi da shekara ɗari. In ka gamu da shi a kwalin wani tsohon malami, kada ka tsaya dogon ciniki.

Tsufa kaɗai ba ya sa jarida tsada. Abin da ake biya shi ne babban labari, a shafin farko, a bugun farko, daga garin da abin ya faru, kuma jaridar cikakkiya ba yankakken shafi ba. Jaridun kisan Kennedy a 1963 da na saukar ɗan Adam a wata a 1969 kusan kowane gida ya ajiye, don haka ba su da wani kuɗi. Jaridun baƙar fata na Washinton kuwa, kamar New National Era ta Frederick Douglass da ta fito daga 1870 zuwa 1874, ko Washington Bee, ba a buga su da yawa ba, ba a kuma adana su da yawa ba.

Akwai jaridu biyu da kusan kowane mai wannan sha'awa zai ci karo da su. Ɗaya ita ce Ulster County Gazette ta 4 ga Janairu, 1800, mai labarin rasuwar George Washington. An sake buga ta sau gommai a ƙarni na 19 don tunawa, na ainihi biyu kacal aka sani, ɗaya yana laburaren majalisa. Ɗayar ita ce New York Herald ta 15 ga Afrilu, 1865, mai labarin harbin Lincoln. In ka ga hoton Lincoln a shafin farko, ko tallar magani ta cika shafukan ciki, ko takardar ta yi ja tana ɓarɓashi, maimaici ne da kamfanoni suka raba don talla. Mai sayarwa zai rantse maka cewa tun kakan kakansa take gidansu, kuma ba ƙarya yake ba, domin maimaicin kansa ya haura shekara ɗari.

Abin da ba a saya

Takardar da ke da hatimin laburare ko rumbun gwamnati, ko lambar fayil a kusurwa, ko alamar an kankare wani abu, ka tambayi yadda ta fito. A Yulin 2011 aka kama wani sanannen mai tara takardun shugabanni, Barry Landau, da abokin aikinsa a Baltimore suna satar takardu a ɗakin tarihin Maryland, aka ɗaure shi shekara bakwai. Dubban takardu aka samu a gidansa, wasu kuma ya riga ya sayar. Takardar sata ba ta zama taka don ka biya kuɗi, za a karɓe ta ne kawai. Haka nan dokar Nijeriya ta 1979 da ta kafa hukumar gidajen tarihi ta hana fitar da kayan tarihi ba da izini ba, kuma a Janairun 2022 Nijeriya da Amurka sun sa hannu a yarjejeniyar kare irin waɗannan kaya. Ni a ganina, kundin malamai da ke cikin gafaka a gidan gado a Katsina ko Sakkwato, a ɗauki hotonsa a bar shi inda yake. In iyali ba za su iya riƙewa ba, ga Gidan Arewa a Kaduna.

Adanawa

Bazarar Washinton zafi ne da laima, kuma wurare biyu da mutane suka fi zuba kwalaye su ne mafi muni: ɗakin ƙasa da ruwa ke shiga, da saman silin da ke gasa kaya. Kabad a tsakiyar gida, nesa da bangon waje da bututun ruwa, shi ne daidai. Ana son zafi kada ya wuce digiri 21 a ma'aunin Salshiyos, laima kuma tsakanin kashi 30 zuwa 50. Ƙaramin ma'aunin laima ba shi da tsada.

Ka wanke hannu ka shanya, ba sai ka sa safar hannu ba, domin safa na hana ka jin takarda har ka yaga ta. Cire duk ƙarfen da aka maƙala, tsatsa yake yi ya ci takarda, ka cire roba. Buɗe wasiƙa ka kwantar da ita a miƙe, kowace a cikin fayil marar asid, ko aljihun leda na musamman irin Mylar, ba ledar kasuwa ba. Yankakkun jaridu kada su taɓa wasiƙa, in ba haka ba bayan 'yan shekaru za ka ga inuwarsu ja a jikinta. Jarida a buɗe ta gwargwadon girman shafinta a kwali mai faɗi, a sa takarda marar asid tsakanin wannan da waccan, kada a tula da yawa.

Abu biyu ke kashe takarda da sunan gyara: salatif da laminatin. Mu kam mun saba kai takardar shaida a manne ta da leda mai zafi, amma abin da aka yi wa haka ya tashi daga kayan tarihi, domin ba a ɓare shi lafiya. Kada ruwa ko danshi ya kusanci tawadar malamai, musamman ta gawayi da ƙaro, wankewa take yi. Tawadar Turawa ta da, mai ƙarfe a ciki, takan koma ruwan ƙasa har ta huda takarda, irin wannan sai gwani. Ƙungiyar masu gyaran kayan tarihi ta Amurka, AIC, a Washinton hedkwatarta take, kuma shafinta na nuna gwanayen da ke kusa da kai. In kana son rataye wani abu a falo, ka rataye kwafi, na ainihi ya zauna a duhu.

Sai rajista. Kowace takarda ka ba ta lamba da fensir a jikin fayil, ba a jikinta ba. A littafi ko kwamfuta ka rubuta wanda ya rubuta, wanda aka aika wa, rana, inda ka saya, nawa ka biya, da abin da mai sayarwa ya gaya maka da bakinsa. In ajami ce ko Larabci, ka juya ta zuwa boko ka haɗa da taƙaitaccen bayani da Turanci, saboda 'ya'yan da aka haifa a nan. Ka ɗauki hoton gaba da baya da ambulan. Mallakar wasiƙa ba ta ba ka haƙƙin buga abin da ke cikinta ba, wannan na marubucin ne ko magadansa, sai ka nemi izini kafin ka wallafa. In kuma wata rana ka yi niyyar ba wa laburare kyauta kana son rangwamen haraji, duk abin da darajarsa ta wuce dala 5,000 sai ƙwararren mai ƙiyasi ya rubuta maka takarda, kuma wannan rajistar ce zai fara tambaya.